Wata goma ina duba lafiyar dogon yaro

Ƙanina ne ya jawo ni cikin wannan aiki. Yana karatun gandun daji a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ni kuwa malamin firamare ne, ina koyarwa a wani ƙauye da ke kan hanyar Illela, tsakanin Kware da Gwadabawa. Wata Juma'a bayan la'asar ya zo gida ya ce, "Yaya, ba kullum kake bi ta shingen dogon yaron nan in za ka makaranta ba? Ana neman irinku." Ya ce wasu malamansu da ɗalibai da 'yan tsirarun ma'aikatan gandun daji ne suka haɗa kai, suna son mutanen da ke da babbar waya kuma suke wuce bishiyoyi iri ɗaya kullum, su riƙa duba lafiyarsu sau ɗaya a wata suna aikawa. Ya faɗa mini tun farko babu albashi, ko kuɗin mai babu. Na amsa, domin shingen nan ba baƙona ba ne. A inuwarsa nake tsayar da babur in huta a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kuma na daɗe ina ganin wasu bishiyoyin cikinsa suna ramewa ban san wanda zan gaya wa ba.

An tara mu wata Asabar a farkon Nuwamba, a wani wurin renon itatuwa a gefen gari. Mu goma sha huɗu ne: malaman makaranta, manoma biyu, wani mai gyaran waya, da wata mata mai sayen 'ya'yan dogon yaro tana tatsar mai. Malamar da ta horar da mu ba ta fara da waya ba. Ta kai mu gindin wata bishiya ta ce kowa ya faɗi abin da ke damunta. Wani ya ce gara ce, wani ya ce ƙishirwa, ni na ce tsufa. Sai ta ce duk mun faɗi abin da muke zato, babu wanda ya faɗi abin da ya gani. Abin da ke gabanmu shi ne: rassa uku na gefen gabas sun bushe, ganyen da ya rage ƙanana ne kuma sun yi ɗorawa, akwai ƙaro yana tsattsafowa a wani reshe. Wannan za mu rubuta. Sunan cuta ba namu ba ne, na ɗakin gwaje-gwaje ne. Ta kuma ce bishiya mai lafiya ma a rubuta ta, domin in marasa lafiya kaɗai aka aika, mai karanta bayanan zai ɗauka duk dajin ya lalace.

A nan na fara jin tarihin bishiyar da na tashi a ƙarƙashinta. Dogon yaro, wanda Kanawa ke cewa darbejiya, asalinsa ɗan Indiya ne. A 1928 aka kawo shi Najeriya, aka fara dasa shi a lardin Barno, daga nan ya bazu har ya zama kamar ɗan gida. Dalilin da ya sa ake tsoro, in ji malamar, shi ne mun dogara da shi fiye da kima: titunanmu, makarantunmu, maƙabartunmu da shingayen tare iska kusan duk shi ne. A tsakiyar shekarun 1980 wani ƙaramin ƙwaro mai manne wa ganye yana tsotsar ruwansa ya yi ɓarna a dogon yaron yankin Tafkin Chadi. A ƙarshen 1990 kuma aka fara ba da rahoton wata rama a Nijar, har ta bayyana a arewacin Najeriya: tsofaffin ganye su zube, reshe ya yi tsawo tsirara, sai ɗan tukku a ƙarshensa, abin da masu binciken suka kwatanta da wuyan raƙumin dawa. Hankali ya tashi sosai a lokacin, musamman saboda shingayen kwarin Majiya da ke jihar Tawa, nan maƙwabtanmu, waɗanda aka fara dasawa tun 1975 kuma gonakin jama'a suka dogara da su. Masana da suka zo daga waje ba su tabbatar da wata ƙwayar cuta guda da ke haddasa ramar ba, suka fi karkata ga ƙarancin danshi da taurin ƙasa da cunkoso. Ta ce abin da ya wahalar da su shi ne babu wanda ya rubuta yadda bishiyoyin suke kafin su fara ramewa.

Bayan azahar aka sa mana manhajar KoboCollect a waya. Fom ne kawai, amma yana aiki ko babu sabis, sai ka shigo gari ka aika. Aka ba kowa gwangwanin jan fenti, da ƙaramin madubin ƙara girma, da ambulan na takarda. Aka gargaɗe mu kada kowa ya shiga daji mai zurfi, kada a doshi dazuzzukan gabashin jihar wajen Isa da Sabon Birni, kowa ya tsaya inda aka san shi.

Kuskurena na farko a kan wannan gargaɗin na ƙarshe ne. Na ɗauka tunda ina koyarwa a ƙauyen an san ni ke nan. Ranar Lahadi na je shingen da sassafe, na fara shafa lamba a jikin bishiyoyi ina ɗaga waya sama ina jiran ta kama wuri. Ban kai ta shida ba sai ga matasa biyu da sanduna. Ɗayan ya ce, "Malam, mi kaka yi nan? Wa ya aiko ka?" Na ce aikin sa-kai ne. Fuskarsu ta ƙara ɗaurewa, domin a wannan yanki yanzu in ka ce sa-kai, abin da ke zuwa zuciyar mutum shi ne masu farautar 'yan bindiga. Ga shi kuma mutum yana ɗaukar hoton hanya da waya a lokacin da kowa ke tsoron masu kai wa ɓarayin daji rahoto. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Suka raka ni wurin mai gari. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne, ya kamata in fara zuwa nan." Na nuna masa fom ɗin tambaya bayan tambaya. Abin da ya fi damunsa daban ne: shin jan fentin nan alama ce ta gwamnati za ta karɓe wurin, ko malamin daji zai zo ya ci tarar masu sassaka? Na rantse masa ba a rubuta sunan kowa, ba a kuma ɗaukar hoton mutum. Ya yi shiru, sannan ya ce in tafi tare da wani dattijo da gonarsa ke jikin shingen, wanda yana cikin waɗanda suka yi aikin dashen da hannunsu a shekarun 1980. Tun daga ranar ban sake zuwa ni kaɗai ba. Baba nake ce masa.

Bishiya talatin aka ce kowa ya riƙe, kuma ba zaɓar su ake yi da ido ba. Ka fara daga bakin shinge, ka ɗauki ta farko, ka tsallake huɗu, ka ɗauki ta gaba, ko kyakkyawa ce ko mummuna. Na sami dogon yaro ashirin da bakwai, na cika da gawo uku da ke gonar Baba. A kowace bishiya aikin iri ɗaya ne. Na yanke sandar gora mai tsawon mita 1.3, in jingina ta a jikin bishiya, daidai inda ta tsaya in zagaya da tef ɗin ɗinkin maiɗakina. In zagayen ya ba da santimita 94, manhajar ta raba da 3.14 ta nuna kauri kusan santimita 30. Sai in jira wayar ta daidaita wuri har kuskurenta ya sauko mita 5, abin da a ƙarƙashin inuwa mai duhu kan ɗauki minti biyu ko uku. Sai hoto huɗu: lamba, bishiya gaba ɗaya, gindi, da ganye ciki da bai. Daga nan sai abin da ya fi wuya, wato kimanta yawan ganyen da ya zube, daga 0 ga mai cikakken kai zuwa 4 ga wadda ta bushe ƙurmus. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to amma idon da ya tsaya gabas yau ya tsaya yamma wata mai zuwa ba kima ɗaya zai bayar ba. Saboda haka na ajiye dutse a inda nake tsayawa ga kowace bishiya, rana tana bayana.

Zagayen farko ya ci mini kwana uku. Daga baya ya koma safiya biyu.

Watannin hunturu kusan babu labari. Ƙura ta rufe ganye har sai na goge da yatsa kafin in san launinsa. Na riƙa cika fom talatin masu kama da juna, wani lokaci zuciyata ta ce wannan wahalar banza ce. Mutum huɗu cikinmu sun bari a wannan tsakani, ɗaya wayarsa ta lalace, sauran sun gaji. Abin da ya riƙe ni Baba ne. Yana tafe yana ba ni labarin yadda aka jera layukan a gicciye don su tare iskar arewa maso gabas, da yadda suka yi ta ɗauko ruwa a kan jakuna shekarar farko. Shi ya fara nuna mini kauci a saman bishiya ta 9, wani curin ganye daban da na uwar, can inda ban taɓa ɗaga kai ba. Ya ce tsuntsu ke shuka shi: ya ci 'ya'yan, ƙwallon mai danƙo ya manne masa a baki, ya goge a reshe, shi ke nan ya kafa saiwa cikin icen yana shan ruwansa. Na sa hoton a iNaturalist, inda mutane daga ƙasashe daban-daban ke taimakawa wajen gane tsirrai da ƙwari. Bayan kwana biyu mutum biyu da ban sani ba suka ce daga dangin Tapinanthus yake. Abin da Baba ya faɗa da abin da suka rubuta duk ɗaya ne, sai dai shi ya ƙara da cewa masu magani na nemansa, kuma in za a raba bishiya da shi sai an sare reshen daga ƙasan inda ya kama, in ba haka ba zai sake tohowa.

A watan Maris abubuwa suka fara motsi. Bishiyoyi biyar, daga ta 14 zuwa ta 18, suka tashi daga 1 suka koma 2, ta 17 kuwa ta kai 3. Na tsaya a kan dutsena ina kallonta, gabana ya faɗi, domin ga wuyan raƙumin dawan nan da malama ta kwatanta: rassa dogaye tsirara, ɗan tukkun ganye a ƙarshe, ganyen ƙanana kamar an matse su. A wani reshe ƙaro ya daskare, launin zuma. Da ba don hotunan Nuwamba da ke cikin wayata ba, da na ce ai dama haka take. Na jera hoton Nuwamba da na Maris, bambancin bai bar gardama ba. Hannuna na rawa na so in rubuta sunan ramar nan ta 1990 a akwatin ƙarin bayani. Na goge, na rubuta abin da ke gabana.

Baba ya tsuguna ya caka sandarsa a gindin bishiyar, ta ƙi shiga. Ya ce, "Ɗana, wanga icce ba ciwo na garai ba, ƙishirwa ta. Duba ƙasa." Sai a lokacin na lura cewa waɗannan biyar ɗin su ne ke bakin burtali. Shanu da jajayen awakinmu nan suke tsayawa su sha inuwa kullum da rana, sun tattake wurin ya yi tauri kamar daɓen ɗaki. Ruwan sama in ya zo gangarewa yake yi, ba ya nutsewa. A fom ɗin babu tambaya kan wannan. Na rubuta a ƙarin bayani, na ɗauki hoton ƙasar da sawun kofato.

Kwana huɗu bayan na aika, malamar ta kira ni da kanta. Ta ce in yanko samfur, ta kuma bi da ni dalla-dalla: reshe mai tsawon kamu ɗaya wanda ya haɗa inda ya mutu da inda ke da rai, domin a kan iyakar nan ake samun abin da ke cin bishiya in akwai shi, in goge almakashin da sifirit tsakanin bishiya da bishiya don kada in zama ni ne mai yaɗa cutar, in sa a ambulan na takarda, kada in sa a leda, saboda leda na tara gumi fumfuna ta rufe komai kafin a isa. Na duba bayan ganyen da madubi kamar yadda ta ce, ina neman ƙwarin nan masu kama da ƙwayar gero da aka lallatsa ta manne. Na ga ɗaiɗaiku a ganye biyu, ba masu yawa ba. Ƙanina ya zo ya karɓi ambulan ɗin ranar da na yanka.

Jiran sakamako ya fi komai ci mini rai. Mako bakwai ba labari. Baba na tambayata duk haɗuwa, mai gari ma ya aiko. Ina ganin duk mai shirya irin wannan aiki ya kamata ya san cewa mutumin da ya ba ka safiyarsa kyauta, ba abin da yake jira illa a dawo masa da amsa, ko da amsar ita ce ba a gama ba. Da na yi ƙorafi aka ba ni haƙuri, aka ce rashin wuta da ƙarancin kayan aiki ne. Daga ƙarshe amsar ta zo: ba a sami wata ƙwayar cuta da za a ɗora wa laifin ba, ƙwarin kuma ba su kai yawan da za su yi wannan ɓarna ba. Amma da aka haɗa bayanan mu goma da muka rage, an ga masu ramewa sun fi taruwa a bakin hanyar dabbobi da inda aka dasa su a matse. Aka ƙara tambaya a fom: ƙasar gindi mai laushi ce ko mai tauri, dabbobi na kwana a wurin ko a'a. Da na karanta wa Baba tambayar, bai ce komai ba, ya dai gyaɗa kai.

Akwai wani gyaran da muka sa aka yi. A Yuli gawo ukun nan suka zubar da ganye kaf, kamar yadda gawo ke yi kowace damina, ya tsaya tsirara lokacin da kowa ke kore, sai kaka ta yi ya yi ganye. Shi ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar gona, ba ya hana gero rana, ganyensa kuma taki ne. Amma fom ɗin an gina shi ne da dogon yaro a zuciya, ina sa 4 sai ya lissafa su cikin matattu. Manoman da ke cikinmu suka yi magana da murya ɗaya, aka raba tambayar gida biyu: babu ganye, da kuma reshe ya bushe in an kankare ɓawo.

Kafin ruwa ya sauka, da izinin mai gari, ni da Baba da ɗalibaina shida na aji shida muka sassauta ƙasar gindin bishiyoyi uku cikin biyar ɗin, muka yi musu ramin rabin wata don ya tare ruwa, muka kewaye da ƙayar bagaruwa. Biyu muka bari yadda suke, bisa shawarar malama, don a sami abin kwatantawa. Makiyayan ba su ji daɗi ba da farko, sai da Baba ya zauna da babbansu ya nuna masa cewa sauran inuwar tana nan. A zagayen Agusta ta 17 ta sauko daga 3 zuwa 2, sabon toho ya fito a tsakiyar rassan da suke tsirara. Sai dai biyun da ba mu taɓa ba su ma sun ɗan farfaɗo, domin damina ce. Malama ta ce kada in yi saurin murna, bazara mai zuwa ce za ta raba gardama. Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin koriyar ganuwar Afirka ya ratsa a Najeriya, shirin dashen itatuwa don tare hamada da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma kowace damina muna jin adadin itatuwan da aka dasa. Ni abin da na so in riƙa ji shi ne nawa ne cikin na bara da na shekara arba'in da suka wuce ke tsaye da lafiya.

Wadda ta ba ni mamaki ba ta cikin biyar ɗin nan. Ta 23 ce, mafi kauri a duk waɗanda nake riƙe da su, zagayenta santimita 171. Wata tara ina ba ta 0 ko 1. A Yuli, da na tsuguna ɗaukar hoton gindi, na ga wani abu ya fito daga jikinta dab da ƙasa, kamar rabin faifai, ja mai duhu yana sheƙi kamar an shafa masa mai, bakinsa fari, ƙasansa fari fat. Na taɓa shi na ji tauri kamar ice. Na aika hoton a daren. Malama ta ce ya yi kama da Ganoderma, wani naman gwari mai ruɓar da saiwa da gindi, kuma kafin ya fito waje haka ya riga ya daɗe yana ci daga ciki. Ta ce in gaya wa mutane su daina zama a ƙarƙashinta. Na gaya wa mai gari, aka sanar a masallaci bayan sallar isha'i. Wasu sun ji, wasu sun ce bishiya kore shar me zai same ta.

Daren 12 ga Agusta aka yi ruwa da iska mai ƙarfi. Da safe Baba ya aiko jikansa makaranta ya kira ni. Ta 23 tana kwance ta gicciye burtali, ganyenta kore, ko yaushi bai fara ba. Babu kowa a ƙarƙashinta, ko akuya. Na sa hannu cikin gindin da ya tsage, icen ya marmashe a tafina, fari, mai laushi kamar jiƙaƙƙen burodi. Mata sun riga sun taru da gatura suna jiran mai gari ya ba da izini. Na roƙe su minti biyar. Na koma kan dutsena, na ɗauki hoto huɗun kamar kullum, na yanki ɗan guntun ruɓaɓɓen icen na sa a ambulan. Baba ya taka ya auna da ƙafa daga ramin zuwa bishiyar da ke biye da ita a layi, taku huɗu, ya ce saiwoyinsu sun daɗe da haɗuwa a ƙasa. Wannan ba ta cikin talatin ɗina. Na buɗe gwangwanin fentin, ya fara daskarewa, na zuba ɗan kananzir na motsa, na rubuta mata 31.